Kalmar da na faɗa wa Inna

Shekarata ta biyu a jami'ar Yamai na faɗi jarrabawa. Ba duka ba, darussa biyu ne suka kayar da ni, kuma an ba irinmu damar sake zama a watan Oktoba. Wanda ya ƙara faɗuwa a nan, to za a yanke masa bursi, kuɗin da gwamnati ke ba ɗalibi ya ci ya sha, ya tattara kayansa ya koma gida. Sau uku na karanta takardar sunayen waɗanda suka ci da aka liƙa a allo, ko idona ne ya tsallake sunana. Washegari na ari kaye biyu wurin wani abokina ɗan Maradi da ya ci, wato littattafan da ya rubuta darussan a ciki da hannunsa mai tsabta, na hau mota sai gida.

Garinmu ƙauye ne tsakanin Dungas da Dogo-Dogo, kuma a lokacin ni kaɗai ne ɗan garin da ya taɓa wuce lise, wato babbar sakandare. Na iso damina ta kankama, ana noman farko. Shekarun nan ne da suka biyo bayan babban fari, rumbuna ba su gama farfaɗowa ba, duk mai hannu biyu yana gona tun sanyin safiya.

Da muka gama gaisawa Baba ya ce, "Yaya karatun?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Sai dai akwai wata jarrabawa a Oktoba, ba kowa ake kira ba."

Ban ce na ci ba, ban ce na faɗi ba. Na bar shi ya fahimci abin da nake so ya fahimta. Kafin la'asar rabin gari ya ji cewa an ware ni cikin ƙwararru za a yi mana wata babbar jarrabawa. Baba ya kwashe hauyoyi da buhunan iri daga ƙaramin ɗakin da ke kusa da zaure, ya share, ya shimfiɗa sabuwar tabarma. Ya ce bana ba ni da gona, in zauna in yi abin da ya kawo ni.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Amma ranar da ta ji ana cewa mai karatu ba ya son hayaniya, sai ta ɗauke turminta ta kai gidan maƙwabta, can take dakanta safe da yamma, ta dawo da ƙwarya a ka. Furata kuwa a bakin ƙofa take ajiye ta, ta yi gyaran murya sau ɗaya, ta wuce.

Ni kuma a cikin ɗakin nan ba abin da nake yi. In buɗe kaye, in karanta shafi tun daga sama har ƙasa, in ɗaga kai, babu ko kalma ɗaya da ta zauna. Darasin yanayin ƙasa ne da na tarihin Turai, sunayen iskoki da na sarakunan da suka mutu tun kafin a haƙa rijiyar garinmu. Na yayyanka takardu ƙanana na rubuta muhimman abubuwa da alƙalamin tawada, na jera su a tabarma layi-layi, kowane babi da layinsa. Jerawar ce ta zama aikina. Na daina cin abinci, goro kawai nake ci. In na ji Baba ya dawo daga gona yana tari, sai in ɗaga murya ina karanta Faransanci da ƙarfi don ya ji ana aiki.

Daga baya na ƙirƙiro fita. Na ce hadda ta fi shiga a sarari. Kullum bayan azahar sai in tafi gindin wata tsamiya bayan gari in kwanta rigingine, ina lissafa kwanakin da suka rage.

Ina can wata rana hadari ya haɗu daga gabas. Kafin in miƙe ruwa ya tsuge, na fake a wata bukkar masu gadin gona har ya tsagaita. Sai a hanya na tuna jinkar ɗakina tana yoyo ta gefe ɗaya. Na ruga.

Na tarar da tabarmar jiƙe sharkaf, babu takarda ko ɗaya. Na fito tsakar gida. Inna na durƙushe a bakin murhu, tare da wasu maƙwabtanmu mata biyu da ruwan ya tsare a gidan. Ashe da ta ga ruwa na zuba, ta shiga ɗakin da ba ta taɓa shiga ba tun zuwana, ta tattara komai a zanenta ta ratsa ruwa da gudu. Tawadar ƙananan takardun ta narke, sun manne da juna. Kayen abokina kuwa ta buɗe su ta kara kusa da wuta don su bushe, gefen ɗaya ya babbake, wuta ta ci kusan yatsa biyu na kowane shafi.

Na fizge kayen daga hannunta. Na yi ta faɗa, ban san ma abin da nake cewa ba, wa ya sa ki, wa ya aike ki. Sannan na dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na faɗa mata kalma ɗaya da Faransanci. Inyorant. Jahila.

Matan nan biyu suka sunkuyar da kai. Inna ta kalli hannuwanta, duk sun yi shuɗi da tawada, ta goge su a zane, ta juya ta ci gaba da hura wuta. Da yamma furata na bakin ƙofa kamar kullum.

Kwana uku bayan haka, ranar kasuwar Dungas, sai ga mushe, kamar yadda muke kiran malamin boko, ya biyo ta garinmu a kan kekensa. Shi ne malaminmu na lakwal, wato firamare, wanda ya fara koya mini a, be, se, kuma shi ya yi ta zarya wurin Baba har aka bar ni na tafi Damagaram karatu. Ya ji na zo, ya ratso mu gaisa. Aka yi masa shimfiɗa a zaure, ni da shi da Baba. Baba ya ba shi labarin babbar jarrabawar Oktoba da fara'arsa. Mushe ya dube ni ɗan kaɗan, ya ce, "Allah ya ba da sa'a."

Inna ta kawo ruwa. Maimakon ta ajiye ta koma, sai ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta kawar da kai gefe.

Ta ce, "Mushe, tambaya gare ni. Rannan na yi wa yaron nan ɓarna a kayan karatunsa. Na ji ya ambaci inyoranti. Na ce ko shi ne sunan abin da ya ƙone. In ana samunsa a Dungas ko Magarya, a taimaka a duba mana, akuyata ta isa sayarwa."

Baba bai gane komai ba, yana kallon mushe yana jiran amsa.

Mushe ya sha ruwa a hankali, ya ajiye kwanon. Ya ce, "A'a, uwar gida, ki bar akuyarki. Ba abin saye ba ne. Ni zan ji da wannan."

Da zai tafi ya ce in raka shi. Na riƙe masa keken, muka yi tafiya har muka wuce rijiya. Sai da muka kai inda gero ya rufe mu sannan ya tsaya.

Ya ce, "Ni na koya maka kalmar nan. Ina tunawa, a aji huɗu, na rubuta ta a allo. Da na san inda za ka kai ta, da na tsallake shafin."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Kuma na san su wa ke zama a Oktoba. Darasi nawa?"

Na ce, "Biyu, mushe."

Ina da shekara ashirin da biyu, ga gemu ya fara fitowa, na tsaya a tsakiyar hanya riƙe da keken mutum ina kuka. Bai rarrashe ni ba. Ya bari na gama, ya ce lakwal a rufe take, ana wakansi, wato dogon hutu, azuzuwa babu kowa. In riƙa zuwa kowace safiya da kayen. Shi bai je jami'a ba, amma ya iya riƙe littafi ya yi tambaya. Sharaɗinsa ɗaya: kada in taka ƙofar lakwal sai na faɗa wa Baba gaskiya.

Washegari na bi Baba gona. Na same shi yana tura hauya tsakanin kunyoyi, rigarsa ta manne da bayansa. Na faɗa masa a tsaye, ina kallon ƙasa. Ya jingina da ƙotar hauyar.

Ya ce, "Wato faɗuwa ka yi."

Na ce, "E, Baba."

"To ai da ka faɗa. Ga shi na bi gari ina gaya wa mutane." Ya gyara riƙon hauyar, ya ce, "Wannan gonar ma bana sau uku muka shuka ta. Je ka yi karatunka."

Na ce bari in kama masa aiki. Ya ce a'a, hannuna ya yi laushi, sai dai in sare masa gero. Wannan ta fi mini zafi a kan duka.

Sati bakwai ina tafiya lakwal a ƙasa, wajen awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa. Ina zama a bencin yara, gwiwoyina na dukan tebur, mushe na kai da kawo da kayen a hannu yana jefo tambaya. In na kasa sai ya ce in rufe baki in fita in zagaya fili sau biyu in dawo. Inda wuta ta cinye ƙarshen layi, sai ya ce ni zan cike, tun da ni na zauna a ajin. A haka na gano ashe da yawa na sani, tsoro ne ya danne su. Tafiyar ta dawo mini da yunwa, na koma cin tuwo.

Inna ce ban iya fuskanta ba. Sau da yawa ina shirya maganar a hanya, in na shigo gida na gan ta sai maganar ta tsere mini. Ana gobe zan koma Yamai na tsaya daga bayanta tana tankaɗe, na ce, "Inna, abin nan na rannan, an gyara. Ba ki ɓata komai ba."

Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "To madalla." Can kuma ta ce, "Ai na ga ba ka cin abinci ne, shi ya sa ban ce komai ba."

Har yau ban san ko ta gane zagi ne ba. Wani lokaci ina ganin ta sani tun daga muryata, tambayar da ta yi wa mushe hanyarta ce ta nuna mini. Wani lokaci kuma ina ganin da gaske take neman abin da za ta sayo. Ban san wanne ya fi mini nauyi ba.

Na ci jarrabawar, da kyar, ɗaya daga ciki ma da rabin maki na tsallake. Na rubuto wasiƙa gida, mushe ya karanta musu a zaure. Inna ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, ta yi goyon ƴaƴana biyu, kuma ban taɓa gaya mata ma'anar kalmar ba, ban kuma nemi gafararta a kanta ba. Na yi ta cewa sai wani zuwan.