Kawu Saiwa da Mangwaron Tsakar Unguwa

A bakin mahaifiyarta ta fara jin sunan, tana aji biyu a sakandare. Mama na ninke wanki ta ce, "Kawunki Saiwa ya sake barin aiki. Mutum da furfurarsa, wai an sare masa bishiya." Yayan Mama ne, ya shekara talatin yana renon itatuwa. In ya buɗe baki ba ya zancen ganye ko 'ya'ya, sai abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Nan sunan ya samo asali.

Ba ta san shi sosai ba sai da aka rushe tsohuwar kasuwa aka tayar da sabuwar unguwa. Benaye ne hawa biyar manne da juna, shaguna a ƙasa, ofisoshi a tsakiya, gidajen haya a sama. A tsakiyarsu aka bar fili ɗaya da wani tsohon mangwaro, don mutane su sami wurin shan iska. Ta sami aiki a kantin magani mai kallon filin. Kamfanin ginin kuma ya ɗauki Kawu aikin ban-ruwa, ya ba shi ɗaki a ƙarƙashin matakala. Mama ta ja masa kunne: "Yaya, wannan karon ka kama bakinka. Ba ka da wani ɗakin."

Wata Talata da hantsi ta ji ƙarar katafila ta ɗauke cak. Ta leƙo. An fara haƙa lambatu taku uku daga gindin mangwaron, ga Kawu tsaye cikin ramin, haƙoran ƙarfen na reto a saman hularsa.

"Baba, fito!" in ji direban. "Ni ba kabari aka turo ni haƙawa ba."

"Ai ka fara, ɗana. Ƙarasa."

Injiniya ya iso da takardar zane, yana share gumi. "Dattijo, ba mai taɓa bishiyarka. Ga ta nan mun bar ta." Ya nuna wata 'yar koriyar da'ira a kan takardar.

Kawu bai iya karatu ba. Ya hango 'yar ƙanwarsa ya yafito ta. "Malama, zo ki duba min. Sun zana ƙafafunta?"

Ta zo ta duba takardar. "A'a, Kawu. Da'ira ce kawai."

"To a ofis kanta kawai suka gani. Duk inda inuwarta ta kai, saiwarta ta kai. Ku yanke nan, bana ta yi ganye ta ruɗe ku, baɗi iska ta kwantar da ita a kan shagunan nan."

"Ka san aikin kamfani kake tsayarwa?" in ji Injiniya. "Ka san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

Ta sunkuya bakin ramin ta yi ƙasa da murya. "Kawu, don Allah. Ɗakin."

Ko kallonta bai yi ba. Ya durƙusa ya shiga tono da hannu, har wata saiwa mai kaurin cinya ta bayyana. Ƙarfe ya riga ya ɓare mata baya, wurin ya yi fari yana tsattsafo da ruwa. Masu shaguna sun kewaye ramin. Injiniya ya dira ciki da takalminsa mai sheƙi, ya shafa raunin, ya fito ya daɗe yana waya. Kafin yamma aka matsar da lambatun taku tara, ya cinye wurin ajiye mota biyu.

A ƙarshen watan, takardar sallamar Kawu ta zo. Ita ta karanta masa, har inda aka ce ya bar ɗakin cikin mako guda.

Ranar da zai koma ƙauye, jakarsa a kafaɗa, ya tsaya a ƙofar kantin ya miƙa mata tsohon bokitinsa.

"Malama, abu ɗaya zan roƙe ki. In rani ya yi tsanani, ki riƙa ba bishiyar bokiti biyu da safe. Kada ki zuba a gindi irin na 'yan ofis. Can inda inuwa ta ƙare za ki zuba, nan bakinta yake."