Ranar Da Aka Ƙirga Min 'Yan Fashina A Warra

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zai kwashe min abin da ya same ni a bakin kasuwar Warra ba.

Ni malamin firamare ne a Yelwa. A wani dogon hutu na hau babur ni kaɗai, na nufi Kalaba, na dawo bayan kwana goma sha tara na rame kamar kifin banda. Da na ga mutanen majalisarmu suna buɗe baki in ina ba da labari, sai kaina ya kumbura. Na ari lasifika, na wanke babur, na ce zan riƙa bin kasuwanni ina labarin tafiyata a bainar jama'a.

A Yelwa na fara. Na faɗi gadar Jebba da ruwan saman kudu, mutane na ta hamma. Sai bakina ya suɓuce na ce 'yan fashi biyu sun tare ni. Nan take wuri ya yi tsit, har mai rake ya ajiye wuƙa. A Shanga suka zama biyar, ɗaya da bindiga. Ni da nake zane yara a aji kan ƙarya!

Abin da na manta shi ne, 'yan kasuwarmu ba sa zama wuri ɗaya. Duk inda kasuwa ke ci, can suke.

A Warra taro ya fi na ko'ina, masunta sun ɗaure jirage sun zo. Hedimastanmu ma ya zo, ya zauna a bencin gaba, yana gaya wa na kusa da shi cewa malaminsa ne. Na sa hular kwano, na hau babur, ina kwatanta yadda na ratsa tsakiyar mutum goma sha ɗaya.

Sai wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi ta miƙe, ta gyara mayafi.

“Malam, tsaya. Yelwa ka ce muna biyu na. Shanga sunka koma biyat. Yau sha ɗaya. Wai 'yan hwashin nan naka haihuwa su kai kamat tarwaɗa?”

Dariyar da aka yi, ina jin har tsallaken ruwa an ji ta. Hedimasta ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Gumi ya cika hular kwano. Na san in na ƙara kalma ɗaya ta ƙarya, ba ni da fuskar sake tsayawa gaban aji.

Na cire hular, na ce babu ɗan fashi ko ɗaya. Sarƙar babur ce ta tsinke min a wani daji bayan Anacha, na zauna bakin titi na yi kuka da hawaye, da gemuna. Wata mata mai ɗauke da itace ta gan ni. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. Ta kai ni gidanta, ta ba ni gasasshiyar doya da manja, mijinta ya tura babur ɗin har wurin bakanike.

Kafin in gama, rabin taron ya watse. Wani masunci yana tafiya yana tsaki, wai ya bar komarsa ta kamun kifi a ruwa ya zo jin labarin doya. Wallahi na ji haushi, don labarin da ya fi tsaya min a rai ke nan.

Tsohuwar ba ta tafi ba. Ta zaro tarwaɗa biyu daga kwandonta ta miƙo min.

“Yanzu ni yarda ka yi tahiya. Amma ka tambayi sunanta?”

Na karɓi kifin. 'Yan fashin da babu su, na san tsayinsu da kalar rigunansu. Matar da ta ciyar da ni kuwa, ko sunanta ban tambaya ba, kuma har yau ban sani ba.

Tun ranar na gane cewa ƙarya tana tara jama'a da sauri, amma mutanen kirkin da ke cikin labarinka take fara korewa.