Hoton da Za a Kai wa Kaka

"Baban Nas" na ji matarsa tana kiransa, a layin auna kaya na filin jirgi. Dogon tsoho ne, rigar sanyin da aka saya masa ta haɗiye hannayensa. Kusa da shi 'yarsu ce, sanye da kayan aikin asibiti, tana satar kallon agogo. Da alama da ƙyar aka sake ta ta rako su.

"Kin rame," in ji uwar.

"Kai Umma, tun da kuka zo kike faɗin haka."

"To, tun da muka zo mun gan ki a zaune ne?"

Tsohon kuwa sai gyara wa 'yar wuyan riga yake yi, alhali babu abin da ya same shi. Ina jin shekarunsa yake aunawa da nisan hanyar, ko Allah zai sake kawo shi.

Can sai ya miƙo mini wayarsa.

"'Yata, ɗauke mu hoto mana. Amma bari ta goge idonta tukuna. Kakarta za a kai wa, kuma mun ce mata yarinyar tana cikin jin daɗi."