Sista Matta da Zauren Masu Ba da Jini

A shekarar 1996 na fara sanin Matta Bulus, lokacin tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a unguwar Ɗan Iya, ni kuma ina kai marigayiya matata allura. Doguwa ce, mutuniyar Bogoro, ba ta da yawan fara'a, amma allurarta ba ta zafi. Tun wancan zamani kowa Sista yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Da ta yi ritaya ba ta iya zaman gida ba. Ta daɗe tana ganin dangin marasa lafiya suna safa da marwa a harabar asibiti suna neman mai sayar musu da jini, abin yana ci mata rai. Sai ta buɗe zaure a WhatsApp, ta sa masa suna Masu Ba da Jini, ta tara 'yan keke da malaman makaranta da 'yan kasuwa, matasan coci da na masallaci. Doka ɗaya ta kafa: mai neman jini ya rubuta irin jinin da asibitin da majinyacin yake kwance, wanda ke kusa ya tashi ya je. Ni ma ta sa ni, ko da yake shekaruna sun wuce na bayarwa. Ta ce tana son a samu mai furfura a ciki.

Mansir na cikin waɗanda suka fara shiga. Ɗan kasuwa ne, yana sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal, ƙaƙƙarfa mai faɗin ƙirji. Jininsa irin wanda ba a cika samu ba ne, wanda ma'aikatan asibiti ke kira O negetif, kuma duk zauren shi kaɗai ke da shi. Ba a taɓa kiransa ya ƙi ba. Yakan bar rumfa a buɗe ya hau keke da ƙurar gero a rigarsa, ya miƙa hannu, bai taɓa karɓar ko kuɗin madara ba.

Sai dai bakinsa. In wani ya ce an samu ruwa a Tirwun, Mansir zai ce ƙarya ne, yayyafi aka yi. In an yi ta'aziyya ya kawo siyasa, in an yi barka ya kawo ƙwallo. Saƙon muryarsa ɗaya ya isa a dafa shayi a shanye. Ba ya zagi da ashar, amma ya iya kiran mutum "Farfesa" yadda mutumin zai kwana yana huci. A makarantar mishan da na yi, sai ka ɗaga hannu an ba ka izini kake magana. A zauren nan babu mai ɗaga hannu, kuma mutane suka biye masa.

Sista ba ta taɓa amsa masa a bainar jama'a ba. Al'adarta ita ce ta tafi da ƙafarta. Ta same shi a rumfa yana ɗinke bakin buhu.

"A'a, Sista da kanta! Gero za a auna ko wa'azi aka kawo?"

"Mansir, ɗana, zo gefe mu yi magana."

"Faɗi a nan, Mama, waɗannan duk sun san halina."

"Mutane suna kashe ƙarar zauren saboda surutunka. In sun kashe, wa zai ji kiran gaggawa?"

"To ni na ce su kashe? Gaskiya ce ba sa so. Jinin ma da nake bayarwa, da bakin nan nake cin abincin da ke kawo shi."

'Yan rumfa suka kwashe da dariya. Ita ma ta ɗan murmusa ba da son ranta ba. Ya yi alkawarin ragewa, ya rage na 'yan kwanaki, ya koma.

Wasu suka riƙa kiranta suna cewa ta cire shi ko su fita. Ta san suna da gaskiya. Amma duk sanda ta ɗauki waya don ta cire shi, sai ta tuna wata mai haihuwa da wani ɗan acaba da jinin Mansir ya tsayar da su a duniya. In ta kore shi, ina za ta samu wani? Haka ta yi ta ba da haƙuri, tana lallashin wannan tana rarrashin wancan.

Wata Asabar ta tafi jana'iza ƙauyensu, inda sabis ba ya kamawa. Da hantsi wani mai gyaran firji, Paul, ya rubuta cewa 'yarsa Treasure mai ciwon sikila tana kwance, ana neman jini da gaggawa. Jinin ba mai wuyar samu ba ne, rabin zauren suna da shi. Amma a daidai lokacin Mansir yana kan musu da wasu mutum biyu a kan kuɗin taki. Saƙon Paul ya nutse a ƙarƙashin nasu. Ya sake rubutawa, ya sake nutsewa. Sauran jama'a kuwa tuni sun kashe ƙara, ni ma ina cikinsu. Kafin la'asar yarinyar ta rasu.

Sista ta ga saƙonnin ne a mota, da suka kusa shigowa gari. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta cire Mansir.

Washegari bayan an tashi daga coci ta tarar da shi a ƙofar gidanta. Babu wasa a fuskarsa.

"Mama, wai ni na kashe ta?"

"Ban ce ba."

"Kin faɗa da yatsan da kika cire ni da shi. Wallahi ban ga saƙon ba. Da na gani da gudu zan je, kin sani."

"Na sani. Amma ba ka gani ba ne don kana magana."

"Su waɗanda suka kashe ƙarar fa? Ke da kika yi tafiya ba ki bar wa kowa zauren ba fa? Ni kaɗai ne mai laifi don ni ne mai baki?"

Tambayar ita ma ta hana ta sukuni tun jiya. Ya juya ya tafi.

Zauren ya yi tsit, kiran gaggawa ya koma fitowa sarari. Amma Paul ya fita daga zauren, kuma matarsa takan kau da kai in sun haɗu da Sista a coci. Da damina aka kawo wani ɗalibi da ya yi haɗarin mota, jininsa irin na Mansir. Sista ta kira shi, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta aika rumfa, aka ce ya tafi ƙauye sayen hatsi. Ko gaskiya ne, ba ta sani ba. Aka wuce da yaron Jos, kuma har yau ba ta ji yadda ya ƙare ba. Tun daga nan ta rame. Ba ta ajiye waya ko a wurin cin abinci, kuma in an yaba mata cewa zaure ya gyaru sai ta sauya magana.

Bayan wasu watanni Istifanus, mai aikin gwajin jini wanda suka daɗe da sanin juna, ya gaya mata cewa za a yi wa mahaifiyar Mansir, Hajiya Khadijatu, tiyata, kuma ana neman jini leda biyu. Jinin Mansir bai samu karɓuwa ba don bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Ya zagaya 'yan uwa ya samu ɗaya, saura ɗaya, kuma ya rantse ba zai roƙi zauren da ya kore shi ba.

Sista ba ta rubuta komai a zaure ba. Ta tambayi irin jinin tsohuwar, ya zo daidai da nata. Istifanus ya ce shekarunta sun kusa iyaka, ga rama. Ta ce ya gwada, in ya isa ya ɗiba. Ya gwada, ya isa da kyar. A takarda aka rubuta cewa daga ma'ajiyar jinin asibiti aka samo.

Ran Lahadi na ga filasta a gwiwar hannunta, na matsa mata har ta faɗa mini. Na tambaye ta ko za ta sanar da shi, wataƙila ya dawo.

"A'a, Baba," ta ce. "In ya sani zai zo godiya, ni kuma ban san ko zan iya mayar da shi ba. Ledoji nawa ya bayar don na kira shi? Guda ɗaya kawai na mayar."