Hanyar da ta Kewaye Kututture

A ƙofar sabon reshen jami'a, bayan garin Gaya, Zalika mai sai da ruwan sanyi tana kallon wani dattijo siriri, takardar zane naɗe a hammatarsa. Da gani baƙo ne, kuma tana jin shi ya tsara harabar. Yana bin hanyar siminti sannu a hankali, har inda ta lanƙwasa ta kewaye kututturen tsamiya. Ɗalibai kuwa sun raɓe jikin katanga suna neman inuwa. Ya durƙusa yana shafa kututturen.

"Baba, lafiya?" in ji Zalika.

"'Yata, don wannan itaciyar na karkatar da hanya, yara su yi karatu ƙarƙashinta. Da na zo lokacin gini, da ba a sare ta ba."