Malafar Clive Hanrahan

Tun da na san surukina Clive Hanrahan, ban taɓa ganin ya shiga teku don jin daɗi ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana walda a tashar jiragen ruwa, Asabar da Lahadi kuma yana aikin sa kai na ceton masu iyo. Mutum goma sha huɗu ya tsamo da hannunsa, kuma yana riƙe da sunan kowa, musamman na wanda bai dawo ya yi godiya ba. Da ya yi ritaya sai duk wannan aiki ya tsuke ya koma mako biyu na watan Janairu, lokacin da zafi ya kai zafi, muke kafa tantuna a wata 'yar gaɓar teku kudu da garin Bermagui, mu da iyalin amininsa Stavros.

Gaɓar ba ta da ma'aikacin ceto, shi ya sa muke da dokar malafa. Wata tsohuwar malafa ce ruwan ɗorawa, rana ta gama cinye ta. Duk wanda take kansa, shi ne mai gadin yara a cikin ruwa: ba karatu, ba giya, ko fitsari ne ya matse shi sai ya ɗora ta a kan wani ya ji ya ce “na karɓa”. A ƙa'ida zagayawa take yi. A zahiri, shekara tara da aurena da ɗansa Brendan, a kan Clive kaɗai na taɓa ganinta. Babu kuma wanda ya yi ƙorafi.

Ranar da nake magana Talata ce, irin ranar da mutum ke tuƙin awa shida dominta. Ruwa ya kwanta luf. Brendan ya miƙe a inuwa, rediyo a kan cikinsa yana jin wasan kurket. Surukata Noelene na ɓare jatan lande, Stavros na faɗa da garwashi. Yara biyar suka shiga ruwa bayan kalaci: 'ya'yana mata biyu da jikokin Stavros uku.

Na je tanti ɗauko shayi, sai na tarar da ƙaramata Imogen zaune a bayan akwatin ƙanƙara, fuska duk kankana.

“Ke! Yaushe kika fito?”

“Tun ɗazu. Ta bayan duwatsu na zagayo.”

“Kin gaya wa Kaka?”

“Na ɗaga masa hannu, bai kula ni ba.”

Na gangara da kofin na miƙa wa Clive. Yana zaune a kujerarsa, ƙafafu cikin yashi.

“Baba, su nawa ne a ciki?”

“Biyar cif,” ya ce. “Ga 'yar mutuniyata can da jar rigarta, sai tsalle take kamar kifi.”

Na bi yatsansa da kallo. Jan allon iyo ne da Imogen ta bari, igiyar ruwa na wasa da shi.

A nan na lura da yadda yake riƙe kansa a karkace, yana duban teku da gefen ido, kunne gaba. Na tuna bana Noelene ce ta tuƙo su tun daga gida, wai gwiwa ke damunsa.

Na hau na same ta. Ban ma gama tambaya ba ta amsa, idonta a kan kwano.

“Tun watan Agusta likita ya faɗa. Tsakiyar ganin ce ta tafi, saura gefe-gefe. Ba ya gyaruwa.”

“Mama, 'ya'yana ne a cikin ruwan nan.”

“Jikokina ne ni ma, Tegan. Kwana tara suka rage. An karɓe masa mota, an karɓe masa jarida. Ki bar masa wannan ɗin ya gama hutun, sai mu san dabara.”

“In ruwa ya ja ɗaya fa?”

“Yau ai a kwance yake.”

Na tsaya a kan Brendan na kashe rediyon.

“Ka sani?”

Ya daɗe yana goge tabarau da bakin riga. “Yana jin muryoyinsu ai. Kunnen Baba ya fi idon wasu.”

“Wanda ke nutsewa ihu yake yi? Ba shi ya koya mana cewa shiru suke tafiya ba?”

“To me kike so in yi? In je in cire wa ubana hula a gaban abokinsa?”

“Ka je ka zauna kusa da shi, ko da wayo.”

“Nakan leƙa,” ya ce. Ya san na san ƙarya ne. Minsharinsa na ji ɗazu.

Na so in tsane su duka biyun, amma abin bai zauna ba. Ranar Kirsimeti da idona na ga Clive ya tsiyaya lemo a gefen kofi, a kan tebur, na sa tsumma na goge na ce tsufa ne. Littafi uku na zuba a jaka da za mu taho. Da wa na yi niyyar barin yaran lokacin da zan karanta su? Noelene ta kira shi tausayi, Brendan ya kira shi biyayya, amma dukanmu hutunmu muke karewa, mun jingina shi da makaho muna cewa martabarsa ce.

Da na sake gangarawa, Stavros na tsaye kusa da shi da faranti.

“Sarkin ruwa, ga surukarka nan tafe kamar mai shirin juyin mulki,” ya ce. “Me ka yi mata? Ka cinye mata kifi?”

“Rufe mana baki, mai ƙona nama,” in ji Clive. “Na ji takunta tun daga sama. Faɗi, 'yata.”

Na durƙusa a gefen da yake gani. Na yi ƙasa da murya, amma Stavros ya ji.

“Baba, Imogen na tanti. Allonta ne kake nunawa.”



“Tun yaushe?”

“Ya kai minti ashirin.”

“Ashirin,” ya maimaita. “Biyu sun isa. Ni na sha gaya wa sababbin masu ceto, minti biyu sun isa mutum ya nutse.”

Stavros ya buɗe baki zai yi wasa, ya ga babu wurin sa shi, ya rufe.

“Noelene ce ta gaya miki?”

“Ni na tambaye ta.”

“Brendan fa?”

Na yi shiru. Ya gyaɗa kai a hankali, kuma ina jin wannan shirun ya fi yi masa ciwo a kan maganar allon. Ashe yana zaton ya iya ɓoyewa ne, bai san ƙyale shi aka yi ba.

Ya cire malafar. Tsakiyar kansa fara fat, ba ta taɓa ganin rana ba. Ya lalubo kaina da hannu biyu ya ɗora min.

“Faɗi.”

“Na karɓa.”

“Ki fi sa ido hagu, wajen duwatsu. In ruwa ya fara janyewa, nan yake buɗe hanyar jan mutum. Kuma ko me kika ji a bayanki, kada ki juyo.”

Ya tashi ya nufi tantuna, ya ture hannun da Stavros ya miƙa masa. Na zauna a kujerar, da sauran ɗumin jikinsa. Yara huɗu, babbata ce a can gaba.

Sai na ji igiyar tanti ta tsinke, kwanuka suka watse, wani abu mai nauyi ya faɗi. Noelene ta yi ƙara. Na ji gudun Brendan, na ji muryar tsohon tana cewa, “Sake ni! Na ce ka sake ni!”

Wuyana ya yi tauri don son waiwaye. A daidai lokacin babbata ta nutsa ƙarƙashin wata igiyar ruwa, na miƙe tsaye ina jira kanta ya ɓullo. Ya ɓullo, tana dariya, tana kirana in shigo ruwan ya yi daɗi. Na girgiza mata kai, na nuna mata ta matso dama.