Jan Takalmin Gwaggo Hilkka

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, Allah ya karɓi ran Gwaggo Hilkka Moilanen, ƙanwar mahaifina, tana da shekara tamanin da takwas. Ta rasu da hantsi, a kan kujerarta ta bakin taga, a cikin gidanta da ke ƙarshen layinmu a nan Pudasjärvi. Ni na same ta. Da gangan na rubuta cewa a cikin gidanta ta rasu, kuma ina so 'ya'yana su sake karanta wurin, domin a kansa duk maganata ta rataya.

Gwaggo, ba zan mai da ke waliyyiya don kin mutu ba. Kin san ba halina ba ne. Kina da taurin kai, kina da son ado fiye da yadda na ga ya dace da mace mai shekarunki. A gidan da muka fito, ni da ke, ba a huda kunne, ba a shafa jan baki, ba a rawa. Ke kika yi duka ukun, kika auri Veikko mai kiɗa a wuraren biki, mahaifina ya daɗe bai taka ƙofarki ba. Ni na tsaya a kan tarbiyyar gida, na raini 'ya'ya bakwai a kanta, ban kuma yi nadama ba. Ba ki taɓa kirana da sunana Marketta ba sai in rai ya ɓaci. Kullum "Fasto" kike ce mini.

Amma lokacin da mijina ya kwanta asibiti a Oulu, ke ce kike tako ƙanƙara kowace safiya ki hura mana murhu, ki dama wa yara kunu, ki tura su makaranta. Babu ɗana ko ɗaya da bai sa safar ulu ta saƙarki ba. Ba ki taɓa yi mini gori ba. Wannan na shaida, kuma zan shaida a gaban Ubangiji.

Hunturu huɗu da suka wuce kika zame a gindin akwatin wasiƙa, kika karye a wuyan hannu. Ɗanki tilo, Jouko, ya taso daga birnin Tampere mai nisa fuskarsa ba jini. A gabana, a teburin kicin, ya ce miki ya sa sunanki a gidan kula da tsofaffi da ke can kusa da shi.

"Mama, ba barazana nake miki ba. Kika sake faɗuwa, magana ta ƙare."

Gidan nan Veikko ya gina da hannunsa. Kabarinsa yana maƙabartar cocinmu. Idan aka kai ki Tampere, ke da su sai a hoto. Kin sani, na sani.

Da ya koma, sai ga kwali ta gidan waya. Takalmi ne mai dogon wuya, baƙi wuluk, mai nauyi irin na masu saran itace a daji, da igiyar ɗauri har ƙauri. Ya duba lambar wani tsohon takalminki ya saya. Ya kuma ɗora mini nauyi ta waya: "Marketta, ke ce ba kya ƙarya. Duk Lahadi zan kira ki in ji ko tana sa shi."

Da farko ina amsa masa da abin da idona ya gani. Duk sanda na shiga, takalmin yana kan tabarmar bakin ƙofa, a jere, kamar yanzu aka cire. Har wata safiya da sabuwar dusar ƙanƙara ta kwanta, na kawo miki burodi. Na ga sawu ya fita daga matakalarki zuwa akwatin wasiƙa ya dawo. Sawu ne siriri, tafinsa sumul ba zane, da ɗan ramin dunduniya a baya. A wuri guda ya ja dogon layi, kusa da shi kuma ga shatin hannu a ƙasa. Na tsaya ina kallon shatin nan har sanyi ya shiga haƙorana.

Na shiga na ɗaga baƙin takalmin na juya shi. Busasshe ne ƙamas, takardar farashi na manne a tafinsa.

"Gwaggo, me kika sa da safe?"

"Fasto, zauna ki sha kofi tukuna kafin huɗuba."

"Kin faɗi."

"Na durƙusa ne. Ai ku kuka ce durƙuso ibada ne."

Ban yi dariya ba. Na buɗe kabad na fito da tsohon takalminki na fata mai ruwan ƙasa, wanda Veikko ya saya miki tun muna yara. Yana jiƙe. Sai kika miƙo mini hannuwanki biyu, yatsun duk sun kanannaɗe da ciwon gaɓɓai.

"Ɗaura igiya da waɗannan in gani. Ko na ɗaura, yana matse mini ƙashin babban yatsa har in ga wuta. In na ɗaga ƙafa kamar na ɗaga bokiti. Kuma Marketta, ni ba zan shiga coci kamar wadda ta zo sare bishiya ba."

Na ce miki abu biyu ne: ko mu je kanti mu nemi wanda za ki riƙa sawa da gaske, ko in zauna a gidan nan in tsare ƙofa. Na kuma gaya miki ranar Lahadi zan faɗa wa Jouko gaskiya, ko mun je ko ba mu je ba. Kika dube ni kamar ba ki taɓa ganina ba.

Mun tafi bayan abincin rana, domin kin ce da safe ƙafar tsohuwa ƙarya take yi, sai ta wuni ta kumbura ake sanin girmanta. Kika sa safar ulu mai kauri a jaka. Mai kantin ta yi haƙuri da mu, ta yi ta sauko da kwalaye. Wannan ya yi tsayin dunduniya. Wannan tafinsa ya yi tauri, in sanyi ya tsananta zai zama kamar katako. Wannan zif ɗinsa yana baya inda hannunki ba ya kaiwa. Wani ya dace da ƙafa sarai, baƙi, mara nauyi, na ce alhamdu mun samu. Kika ce ya yi kama da na ma'aikaciyar jinya. Hasken rana yana ta ƙarewa a taga, ni kuwa zuciyata tana tafasa.

Sai idonki ya faɗa kan wani a can sama. Fata ce mai laushi, ja mai duhu, irin jan 'ya'yan dajin da muke cika bokiti da su da kaka. Gabansa yana da faɗi, cikinsa gashin tunkiya, zif a gefe, tafinsa roba mai laushi mai zurfin zane da ƙananan ƙusoshi. Kika zura ƙafa, kika miƙe ba tare da kin dafa komai ba. Kika taka zuwa madubi kika juya gefe kamar budurwa.

Na ce, "Ja? Da shekarunki? Matar da mijinta ke kabari?"

Kika ce, "Fasto, saurara. In kika saya mini baƙi, a bakin ƙofa zai zauna kusa da ɗan'uwansa. Wannan kuwa ko shara zan zubar sai na sa shi, don maƙwabta su gani. To zaɓi. Ranar da aka tashi da santsi, wanne kike so ya kasance a ƙafata?"

Na saba a yi shiru in na yi magana. Amma ran nan ni na ɗauki jan takalmin na kai wurin biya. A mota na cire zoben makullina na maƙala a zif ɗin, yadda za ki sa yatsa ɗaya ki ja.

Lahadi ta zo, Jouko ya kira. Ya tambaya, na amsa: ba ki taɓa sa nasa ba, kin sa tsohon, kin zame, hannunki ya taɓa ƙasa. Na fara ba shi labarin sabon, bai bari na ƙarasa ba. Ya ce gidan tsofaffin sun ba shi ɗaki daga sabuwar shekara, suna jiran amsarsa bayan Kirsimeti, kuma amsar ya riga ya san ta. Daga ranar kika daina buɗe mini ƙofa. Ina ajiye burodi a kan matakala in duba sawu. Sawun mai zane ne, a miƙe. Har yau ban ce na yi kuskure ba. Wanda ya fara ƙarya don tausayi ba ya sanin inda zai tsaya, kuma haka na koya wa 'ya'yana. Amma na sha kwanciya ina tunanin cewa gaskiyata ce za ta fitar da ke daga gidan Veikko.

Jajibirin Kirsimeti, kamar kowace shekara, kowa ya nufi maƙabarta da kyandir. Ruwa ya yi yayyafi a kan ƙanƙara, sanyi ya biyo baya ya daskarar da shi, gari duka ya zama kamar gilashi. La'asar ba ta yi ba duhu ya rufe. An zuba tsakuwa a babbar hanyar maƙabartar, amma siririyar da ke gangarawa wajen kabarin Veikko babu ko ƙwaya. Kyandirorin mutane suna haskawa a kanta, tana ƙyalli.

Jouko ya zo hutun Kirsimeti, ya ɗauko mu ni da ke. Da ya tsayar da mota a bakin maƙabartar ya ce, "Mama, zauna ciki. Ni zan kunna wa Baba."

Kika buɗe ƙofa, jan takalmi ya sauka ƙasa.

"Mama, don Allah. Dubi hanyar nan."

"Na gan ta. Tun kana cikin zani nake bin ta."

"To riƙe hannuna."

"Da wannan takalmin naka na ofis? In ka tafi ka ja ni? Riƙe Fasto, ita ce ginshiƙi."

Kika karɓi fitilar kyandir a hannun da ya taɓa karyewa, kika fara gangara. Ni da Jouko muna baya, kowa ya miƙa hannu, ba wanda ya isa ya taɓa ki. Ina jin ƙarar ƙusoshin suna cizon ƙanƙara, ƙas, ƙas, a hankali. A tsakiyar gangaren kika tsaya. Jikinki ya yi gaba ya yi baya, fitilar ta kaɗa.  Ni kuwa addu'ar da na sani tun ƙuruciya ta ɓace mini, sai sunan Ubangiji kawai nake maimaitawa. Kika juya gefe, kika ci gaba da sauka, ƙafa na bin ƙafa, har kika isa.

Saura mai wuyar. Kika sunkuya kika ajiye fitilar a gindin dutsen kabarin, gwiwa ɗaya a ƙasa. Kika yunƙura, jiki ya ƙi. Jouko ya yi taku ɗaya, na riƙe masa hannun riga da ƙarfi. Kika dafa kan dutsen kika ce, da murya yadda za mu ji, "Veikko, kai ma ka yi wani amfani mana." Takalmin ya kafe a inda kika dasa shi, bai goce ba ko kaɗan. Kika miƙe tsaye.

Muka koma mota. Jouko ya daɗe riƙe da sitiyari bai tayar ba. Can ya ce, "Wa ya zaɓi wannan launin?"

Kika ce, "Fasto ce. Ta nace sai ja."

Wannan ce ƙarya ɗaya da aka yi a gabana na ƙyale, domin yaron ya fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Bayan Kirsimeti ya kira Tampere ya ce a ba wani ɗakin.

Kin ƙara hunturu huɗu a gidanki, ba ki sake taɓa ƙasa da hannu ba. Ranar Talatar nan da na zo, sawunki ya je akwatin wasiƙa ya dawo, a miƙe kamar an ja da zare. Jan takalmin yana kan tabarma, ƙanƙarar jikinsa ba ta gama narkewa ba. Jarida tana kan cinyarki, jan bakinki a shafe.

Ku 'ya'yana, ku ji da kyau. Tsoron da kuke ji wa tsoho ba ya ba ku ikon yanke masa hukunci daga nesa. Jouko ya so uwarsa, ba wanda ya ce bai so ta ba, amma ya sayi takalmi bai tafi da ƙafar ba. Makon jiya babbar 'yata Sirkku ta kawo mini kwali, wai ta ga na fara ɗingishi. Baƙi ne, mai igiya. Na ce ta mayar. Za mu je kanti tare, bayan abincin rana, da safata a jaka. Ta tambaye ni wane launi nake so. Na ce sai mun je.

Gwaggo, Allah ya ji ƙanki, ya gafarta miki kurakuranki, waɗanda na sha lissafa miki da waɗanda ban sani ba. Ya saka miki da alheri a kan kowace safiya da kika hura mana wuta. Ya ba ki hutu a kusa da Veikko, a ƙasan gangaren da kika sauka da ƙafarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Jouko da matarsa Anneli da 'ya'yansu, da dukan dangin Moilanen. Ubangiji ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zukatanku, mu kuma ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo. Amin.

Marketta Räisänen
Pudasjärvi